Tela Da Kiɗan Gamin Gambiza

A layin teloli na Babbar Kasuwar Gombe akwai wani dattijo mazaunin Jekadafari, wanda ya ba shekara saba'in baya. Sana'arsa ɗinki tun yana saurayi, amma maƙwabtansa sun fi saninsa da son waƙa. Tun da ya kafa kekensa a wurin ba a taɓa ganin ya taka shi shiru ba. In ba rediyo, to rikoda, yanzu kuwa wata 'yar lasifika ce mai cin memori. A gida yana da akwatunan ƙarfe uku cike da kaset, kowanne da sunan mawaƙi da shekarar da aka naɗe shi a rubuce da biro. Uwargidansa ta kan ce da gobara za ta tashi, Allah Ya kiyaye, akwatunan nan zai fara fitarwa kafin ya tuna da ita. Shi kuwa ba ya musu, sai ya yi murmushi ya ce ai ita tana da ƙafa.

Asalin wannan ƙauna kuwa tun yana yaro ne. A shekarar 1963 hanyar jirgin ƙasa ta iso Gombe daga Bauchi, garin da ya riga ya bunƙasa da cinikin auduga ya ƙara cika da baƙi. Cikin baƙin nan akwai wani ɗan kasuwa da ya sauka kusa da gidansu da garmaho, irin wanda a ke wana wa da hannu. In magariba ta wuce yara su kan taru a ƙofar zaure, ya ɗora faifai, a ji muryar mutum na fitowa daga akwati. Kowane gefen faifan bai wuce minti uku ba, kafin a gama jin daɗi ya ƙare. Daga baya Rediyon Kaduna ta zama makarantarsa, musamman filin Zaɓi Sonka. Sa'ad da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, kowa ya rugo da yadi wurin tela, shi ma rabonsa ya fito, ya sayi rikoda ta farko. Da ita ya shiga naɗe waƙoƙi daga rediyo, yana ajiye rikodar a kan teburin ɗinki, bakinta a jikin rediyon.

A cikin akwatunan nan akwai Alhaji Mamman Shata da kalangunsa, da Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa, da Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, da Haruna Uji da gurminsa, da Garba Supa da Ahmadu Doka masu kukuma, da Barmani Choge mai amada. Akwai kuma Indiya, su Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar, waɗanda ba ya jin ko kalma ɗaya ta bakinsu amma ya haddace muryoyinsu. Da ya ke mahaifiyarsa Bafilatana ce, akwai waƙoƙin Fulatanci da ya riƙa samu daga masu zuwa Yola da Garwa. Daga jin waɗannan duka ya fitar da ma'auninsa, wanda bai canja ba har yau. Ya kan ce waƙar Hausa magana ce da aka ɗora bisa kiɗa, kiɗan doki ne, maganar ita ce mahayi. Don haka abu uku ya ke tambaya game da kowace waƙa: me aka faɗa, wa aka faɗa wa, kuma me ya rage a bakin mai sauraro bayan gari ya waye.

Kada a ɗauka dattijon nan irin waɗanda ke cewa duk wani alheri an binne shi tare da Shata a 1999 ne. A'a. Yana da wani ɗan ƙanwarsa, saurayi mai saka kiɗa a wuraren biki, watau DJ, wanda ya kan zuba masa sababbin albam a memori. Shi kuwa dokarsa ita ce ba ya yanke hukunci sai ya ji albam daga farko har ƙarshe sau uku, ba tsallake. Ya ce albam kamar kaya ne cikakke, riga da wando da hula, ba a duban hannun riga kaɗai a ce an ga ɗinki.

Cikin mawaƙan wannan zamani ya fi ganin girman Aminu Ala, domin a ganinsa shi ne ya riƙe Hausa da hannu biyu, in ya buɗe baki sai mutum ya koma neman ma'anar kalmar da ya manta tun zamanin kakarsa. Nura M. Inuwa kuma ya kan yaba masa tsara zance da iya saka labari cikin waƙa, ya ce albam ɗinsa irin su Mai Sauraro da Afra sun nuna mutumin ya zauna ya yi tunani kafin ya shiga ɗakin naɗa. Ƙorafinsa ɗaya ne, kiɗan fiyanon da ke ƙarƙashin waƙoƙin soyayya na wannan ƙarni duk ɗan uba ɗaya ne, in an cire murya da wuya a bambance ta biyu da ta bakwai. Nazir M. Ahmad, wanda Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa Sarkin Waƙa a 2018, ya ce a muryarsa akwai ƙamshin fada, ya san yadda a ke wasa basarake, wannan kuwa gadon su Ɗanƙwairo ne ko da kayan kiɗan sun bambanta.

Ya sha faɗin cewa waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta cika gidaje a 2020 lokacin kullen korona, ba a banza ta karɓu ba, tana da daɗin ɗauka, ga shi kuma 'yar garinsu Momee Gombe ce ta hau bidiyon. Amma ya ce irin wannan waƙa rigar salla ce, a sa ta a yi kwalliya, baɗi a ɗinka wata. Game da Ado Gwanja, musamman waƙoƙinsa Warr da Chass na 2022, sun sha gardama da uwargida. Ita ta ce yaron ya raya amada, ya mai da wa mata abinsu. Shi kuwa ya ce ya yarda kunnen yaron ya sha Barmani, amma habaici in ya yi yawa ya kan zama faɗa. Abin da ya fi ƙi a sababbin albam duka shi ne na'urar gyaran murya, wadda ke sa muryar kowa ta riƙa rawa iri ɗaya. Ya ce da mutum ya kan gane Haruna Uji daga numfashinsa tun bai furta kalma ba, yanzu kuwa an goge numfashin.

Har waƙoƙin kudu yana saurare. Albam ɗin Asake na 2022, Mr. Money With The Vibe, ya burge shi ko da ya ke Yarbancinsa na kasuwa ne kawai. Dalilinsa, yaron ya ɗauko kiɗan Afirka ta Kudu ya aura da fuji na iyayensa, bai yar da harshensa ba. Ya ce abin da ya ke so ya ga su DJ AB na Kaduna da Namenj sun dage a kai ke nan, a ari kayan baƙo amma a yi magana da bakin gida.

To, duk wannan ra'ayi ne na zaman shago, ba ya ɓata wa kowa rai. Inda abu ya zama rigima shi ne wajen kiɗan da samari ke kira miks, shi kuwa dattijon ya raɗa masa gamin gambiza. Yadda a ke yinsa shi ne, mai haɗawa ya ɗauko waƙa biyu ko fiye waɗanda ba su san juna ba, ya zuba su a kwamfuta. Kwamfutar ta auna saurin bugun kowacce, ta ja wannan ta rage waccan har su daidaita. Yanzu ma akwai manhajar da ke zare muryar mawaƙi daga cikin kiɗansa, kamar yadda a ke zare zare daga yadi. Sai a ɗora muryar bisa wani kiɗa dabam, a yanko gaɓar da ta fi motsa ƙafa a yi ta maimaitawa, a bi da wata waƙar ba tare da an tsaya ba, har awa guda masu rawa ba su zauna ba. Kiɗan da aka fi shimfiɗawa a ƙasa a 'yan shekarun nan shi ne amapiano, wanda ya taso daga unguwannin baƙar fata na Johannesburg da Pretoria a shekarun 2010. Ma'anar sunan da Zulanci fiyanoni, ana kuwa gane shi da wata ganga mai kauri da ke dukan ƙirji.

Wannan sana'a ba a Gombe aka fara ta ba. Tun 1973 wani DJ mutumin Jamaika mai suna Kool Herc ya ke haɗa faifai biyu a birnin New York na Amurka don ya tsawaita wurin da masu rawa suka fi so. A 2004 wani Ba'amurke, Danger Mouse, ya ɗora muryar Jay-Z bisa kiɗan Beatles na Ingila na 1968, ya kira abin The Grey Album, kamfanin EMI mai riƙe da haƙƙin Beatles ya tashi haiƙan ya ce a daina rarrabawa. A nan gida kuma, waƙar Ameno Amapiano da ta game ƙasa a 2021, asalinta waƙa ce ta ƙungiyar Era ta Faransa ta 1996, Nektunez na Gana ya sake mata kiɗa, Goya Menor na Nijeriya ya ɗora murya. Dattijon ya san wannan ta ƙarshe sarai, don babu shagon cajin waya daga Pantami har Bolari da bai saka ta ba. Bai kuwa ga laifinta ba, musamman da ya ji cewa kalmomin asalin waƙar ƙagaggu ne, ba harshen kowa ba ne. Ya ce abin da ba shi da ma'ana, in an yanka shi ba a zubar da jini ba.

Ana nan, ran nan ɗan ƙanwar tasa ya zo aron kaset ɗaya na Shata, waƙar da ya yi wa wani direba, ya ce zai juye ta a kwamfuta don kada ta salwanta. Dattijo ya ji daɗi, ya ba shi, bayan kwana biyu aka dawo masa da abinsa lafiya. Bayan kamar wata guda ya shiga Keke Napep daga Tashar Dukku zai koma gida, direban ya ƙure lasifika da gamin gambiza. Can sai ya ji muryar Shata ta faɗo cikin amapiano, an ɗauke kalangu, an ɗauke 'yan amshi, an yanko rabin ɗango ana ta nanatawa kamar faifai ya maƙale. An kuma ƙara mata sauri har ta sirance, ta koma kamar ta yaro. Kowane minti kuwa sai wata murya ta kurma ihu da laƙabin mai haɗin.

Da farko ya ɗauka aikin wani ne can a Kano ko Kaduna. Sai ya kasa kunne, ya ji wata 'yar ƙara a bayan muryar, tak-tak-tak, wadda manhajar ta kasa gogewa. Nan take ya gane ta. Kekensa ne na ɗinki, Singer ɗinsa na farko, wanda rikoda ta kama ranar da ya naɗi waƙar daga rediyo, shekara arba'in da wani abu da suka wuce. Ya ce da direban ya tsaya, ya biya kuɗinsa, ya ƙarasa Jekadafari da ƙafa. A daren nan ko tuwo bai taɓa ba.

Da gari ya waye ya aika aka kira yaron. Ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, dattijo ya amsa a daƙile, sa'an nan ya ce, "Ɗan nan, na ba ka amanar dattijo, ka tuɓe masa riga ka kai shi filin rawa?"

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ka gafarce ni, na yi kuskure da ban faɗa maka ba. Amma in ka ba ni izini in yi magana." Ya ce, "Faɗi." Ya ce, "Kawu, yaran da ke rawa da wannan miks, an haife su bayan Shata ya rasu. Ba wanda zai zauna minti ashirin yana jin kalangu a cikinsu. Tun da na fitar da shi, mutum nawa suka tambaye ni muryar wane ne wannan. Sa'an nan kai da bakinka ka ba ni labarin Abdu Yaron Goge na Jos, da ya ɗauko karin waƙar Indiya ya goga da gogensa ya ɗora Hausa, ka ce gwani ne. Ka ba ni labarin masu bandiri na Kano da ke juya waƙoƙin Indiya su zama begen Manzon Allah. Garmahon da ka fara ji ma, ai minti uku ya ke ba mawaƙi, ko ya gama ko bai gama ba. Kuma Kawu, kai tela ne. Aikinka ke nan, ka yanka ka haɗa."

Dattijo ya yi shiru, don maganar ta shige shi, kuma ba ƙarya a ciki. Ya daɗe yana juya almakashi a hannu, sa'an nan ya ce, "Gaskiya ne, ina yanka ina haɗawa. Har ƙyallayen da suka rage na kan harhaɗa in yi wa yara riga, ta kuwa yi kyau. Amma yadi na ke yankawa, ban taɓa ɗaukar babbar riga mai aska takwas, wadda wani ya shekara yana yi wa aiki da allura, in yanko aljihunta in yi hankici ba. Abdu Yaron Goge kari ya ara, ya zuba maganarsa, ya rera da bakinsa, ya goga da hannunsa. Kai kuwa bakin wani ka ɗauko, ka hana shi ƙarasa zancensa. Waƙar nan wani mutum aka yi wa, yana da suna, yana da gari, yana da 'ya'ya. A cikin naka haɗin ba sunansa, ba sunan Shata, ba sunan makaɗan da suka yi gumi. Suna ɗaya na ji ana ihu, naka."

Ya ƙara da cewa ya ji a rediyo an yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma bisa dokar waƙar mutum ba ta zama ta kowa da kowa sai shekara saba'in bayan rasuwarsa. Ke nan ta Shata tana hannun magadansa har 2069. Ya ce ko Burna Boy da ya ari kiɗan Toni Braxton ta Amurka a waƙarsa Last Last ta 2022, ba ɗauka ya yi ya gudu ba, an san mai abu, an ba mai abu rabonsa. Yaron ya ce, "Haka ne, Kawu. Amma kaset ɗin nan da ka naɗa daga rediyo, da waɗanda ka saya a kasuwa ana juyawa daga rikoda zuwa rikoda, nawa Shata ya samu a ciki?" Dattijo ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce, "Tashi ka tafi, ka cika ni da surutu."

Da dare uwargida ta kawo nata. Ta ce, "Malam, ku maza kun ɗauka kowace waƙa ta zama ce, a kishingiɗa ana gyaɗa kai. Mu da muka yi wasan ƙwarya a tsakar gida mun san akwai waƙar da don ƙugu aka yi ta. In mai amada ta ga rawa ta yi zafi, ai ɗango ɗaya ta ke riƙewa ta yi ta juyawa, ta bar wannan ta faɗa waccan ba ta tsaya ba. Yaron nan abin da ya ke yi ke nan da injinsa. Laifinsa bai san wadda a ke taɓawa da wadda ba a taɓawa ba, wannan kuwa koya masa za ka yi, ba kora ba." Ya ce, "Hajiya, ke kullum kina bayansa." Ta ce, "Ina bayan gaskiya dai."

Wata biyu bai nemi yaron ba. Abin da ya karya fushin kuwa damina ce. Da ruwa ya ɗauke ya buɗe akwati na uku, ya tarar danshi ya shiga, fumfuna ta kama kaset da yawa. Ya ɗauki na Haruna Uji ya saka, zaren ya naɗe a cikin rikoda, ya jawo shi a hankali, ya mai da shi da biro, ya liƙe inda ya tsinke da jan farce kamar yadda ya saba, amma muryar ta riga ta dushe, sai ka ce daga ƙasan rijiya. Mai gyaran rikodar da ya ke kai wa aiki ya rasu, 'ya'yansa waya su ke gyarawa. Nan ya zauna ya yi lissafi. Zaren kaset ba ya dawwama, shi ma mai kaset ɗin haka. In ya mutu, akwatunan nan 'yan gwangwan za a kira. A duk zuriyarsu kuwa mutum ɗaya ne ke da na'ura da sanin yadda za a ceci abin da ke ciki, shi ne wanda ya kora.

Sai ya aika aka kira shi, suka yi sharaɗi a gaban uwargida. Na farko, kowane kaset za a juye shi cikakke, daga farko har ƙarshe, da sunan mawaƙi da na wanda aka yi wa waƙar, kuma duk wanda ya nema don saurare a ba shi cikakkiyar. Na biyu, waƙar da ta ambaci Allah da Manzonsa, da ta ta'aziyya, da wadda aka yi wa wani mutum da sunansa, ba a kai su filin rawa. Na uku, waɗanda dama don rawa aka yi su, in zai taɓa, kada ya canja wa mawaƙi murya, kada ya yanke ɗango a tsakiya, kuma ya faɗi sunan mai waƙa kafin ya faɗi nasa. Na huɗu, ranar da haɗinsa ya fara kawo kuɗin da ya wuce na biki, ya nemi magada. Yaron ya ce na ukun zai yi wuya, don kalangu ba ya tafiya a kan sauri ɗaya kamar inji, makaɗi ya kan ja ya kan saki bisa numfashin mawaƙi. Dattijo ya ce, "To, ka sa injin ya bi mutum mana. Dole sai mutum ya bi inji?"

Suka shiga aiki. Kowace Juma'a bayan la'asar yaron ya kan zo da kwamfutarsa da wata tsohuwar rikoda da ya samo, su juye kaset uku ko huɗu, don kaset mai minti casa'in sai ya ci minti casa'in ɗinsa, ba a gaggauta shi. Dole yaron ya zauna ya ji waƙoƙin har ƙarshe, abin da bai taɓa yi ba. Dattijo na gefe yana fassara masa zambo da habaici, yana gaya masa ko wane ne wane. Shi ma dattijon ya koyi abu. Ya ga yadda a ke ƙirga bugu, ya ga ba kowace waƙa ce ke auren kowace ba, akwai mai haɗin da ke da kunne, akwai mai zuba shara. Har ya fara cewa a gamin gambiza ma akwai tela, akwai ɗan koyo.

Bayan Babbar Salla ta 2024 aka yi bikin jikarsa ta fari, yaron ne ya saka kiɗa ranar kamu. Dattijo ba ya shiga taron mata, yana zaure da abokansa, amma kunnensa na cikin gida. Aka yi Breaker, aka yi Gwanja, aka yi na kudu, aka yi Fulatanci don dangin kaka. Can sai aka ji yaron ya rage kiɗa ya ce, "Iyayena mata, ga Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, Allah Ya jiƙanta." Sai ƙwarya ta tashi, da muryarta yadda Allah Ya yi ta, gangar zamani na biye da ita daga ƙasa a hankali. Guɗa ta kaure. Tsofaffin da tun safe su ke zaune suka miƙe suka ɗaura gyale a ƙugu, 'yammata suka ja baya suna kallon yadda a ke yi, sa'an nan suka shiga.

Wani abokinsa ya dube shi ya ce, "To, Malam, yau ka sallama?" Ya ce, "Ban sallama ba. Gangar nan ta yi wa ƙwarya nauyi, kuma ya katse waƙar tun ba ta kai inda na fi so ba. Amma ya faɗi sunanta, ya kuma yi mata addu'a." Washegari da safe ya ji ƙanwar amarya, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, tana wanke-wanke tana rera ɗangon Barmani, ta kai inda haɗin ya tsaya ta rasa ci gaba. Ta zo ta ce, "Kaka, daga nan me ta ce?" Bai ba ta amsa ba, ya ɗauko 'yar lasifikarsa ya saka mata waƙar tun daga farko.

Har yanzu ra'ayinsa game da yawancin gamin gambizar da ke tashi a Keke Napep da shagunan caji bai canja ba, ya ce hayaniya ce da sata. Haɗin farko na Shata kuma ya riga ya bazu daga waya zuwa waya, ba mai iya dawo da shi, ya kan ci karo da shi lokaci lokaci, da ƙarar tsohon kekensa a ciki, ya kau da kai. An gama juye akwati biyu, na ukun rabinsa ya riga ya lalace. Sauran kuwa ana nan ana bi kowace Juma'a, in Allah Ya ba da wuta da tsawon rai.